Malam, ya halatta in ci galbi?

Tambaya: Salam Malam, ni ɗalibi ne a Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu, abokan karatuna kullum sai sun ja ni cin galbi, wai ai naman sa ne ba komai. In ci?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya ba da sa'ar karatu. Galbi da yaren Koriya haƙarƙari kawai yake nufi, Turawa ma aro suka yi har ƙamus ɗin Oxford ya shigar da ita a 2021, ya fassara ta da haƙarƙarin sa. To nan mutane ke ruɗewa, don su masu kalmar ba su tsaya kan sa ba, akwai dwaeji galbi na alade ne tsantsa, akwai dak galbi na kaza. Shari'a kuma ba ruwanta da suna, abin da ke cikin faranti take dubawa.

In alade ne magana ta ƙare, Baƙara aya ta 173.

In sa ne sai mu ce wa ya yanka? Ma'ida aya ta 5 ta halatta mana yankan Ahlul Kitabi, amma Koriya ba za ka ɗauka kowa Kirista ba ne, akwai mabiya Buddha, da yawa ma ba su da addini, kuma nama asalinsa haramci ne har sai an san an yanka. Sai kuma ruwan da ake jiƙa naman, miyar waken soya ce da tafarnuwa da sukari da man riɗi, duk lafiya lau, amma sau da yawa suna tsiyaya giyar shinkafa don kashe ƙarni, kuma wurin jumhur, wato mafi yawan malamai, giya najasa ce, cewa wuta ta ƙone ta bai wanke naman ba.

Ga kuma wayar gashin da ke tsakiyar tebur, wadda a kanta ake gasa galbin, wataƙila yanzu aka sauke kitsen alade daga kanta. Abu Sa'alaba ya tambayi Annabi (SAW) kan kwanukan Ahlul Kitabi, ya ce in kun samu wasu kar ku ci a ciki, in ba ku samu ba ku wanke. Saboda haka ka ce a canza maka waya, ba abin kunya ba ne.

Hukunci dai, kar ka ci sai ka tabbatar da yankan kuma ba giya. Ka leƙa unguwar Itaewon a nan Seoul wajen babban masallaci, akwai gidajen abinci na halal, ka ja abokan naka can. Wallahu a'alam.