Muryar da Yaya ya turo a kan zuwa Ɗa'ifa

(Na rubuto ta ne saboda masu cewa ba su da data, yadda ya faɗa haka na sa)

Assalamu alaikum, jama'ar gida barkanku da dare. Auta na ga tambayarki tun da rana, ina kasuwa ne shi ya sa ban amsa ba, kuma rubutu ba zai ɗauke maganar ba gara in yi murya. Kin ce bayan kun gama Umara kuna da kwana biyu a Makka babu abin yi, wai ko ya dace ku kai Hajiya da yara Ɗa'ifa ko kuwa wahala ce kawai. To ni dai amsata ku je, wallahi ku je, amma don Allah kar ku yi irin zuwan da na yi na farko.

Zuwana na farko cikin bas aka loda mu bayan asuba, mai yi mana jagora yana ta sauri kamar an biyo shi, nan minti goma, can minti goma, a sauka a ɗauki hoto a hau, aka kai mu wani shagon turare aka bar mu fiye da awa ɗaya saboda a nan yake da kaso, kafin la'asar mun dawo Makka. Da aka tambaye ni me na gani sai na rasa abin faɗa. Sai zuwa na biyu da muka ɗauki ƙaramar mota mu huɗu muka kwana ɗaya, a nan na san na je Ɗa'ifa.

Abu na farko hanya. Hanya biyu ce daga Makka, akwai ta Sail, ita ce mai sauƙi, manyan motoci galibi ita suke bi, sannan akwai ta Hada wadda take hawa dutsen kai tsaye. Ku ce wa direba ta Hada kuke so, tun a wajen ciniki ku faɗa masa kar sai kun hau. Wajen kilomita 90 ne, awa ɗaya da rabi haka, amma fa kwana-kwana ce kamar maciji ya naɗe dutse, kunne yana toshewa, in akwai yaron da mota take sa wa amai a tanadi leda kuma kar a cika masa ciki kafin a tashi. Wani lokaci in hazo ya yi yawa ko an yi ruwa sukan rufe ta, to sai haƙuri a bi ta Sail.

Dalilin da ya sa na nace a kan hanyar nan, kin san tun muna Islamiyya ake karanta mana cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya tafi Ɗa'ifa a shekara ta 10 da aiko shi, bayan rasuwar Abu Ɗalib da Nana Khadija, shi da Zaidu ɗan Harisa, a ƙafa. Mu dai muna jin "a ƙafa" muna wucewa, a raina kamar daga Kano zuwa Wudil ne a shimfiɗe. Sai da na ga mota mai lafiya tana nishi tana hawa, na leƙa ta taga na ga ramin da ke ƙasa, garin yana sama da mita 1,800 a kan dutse, Makka kuwa tana can ƙasa cikin kwari, na ce yanzu duk wannan aka hau, aka yi kwana goma ana bin manyan Saƙifawa, wato ƙabilar garin, ɗaya bayan ɗaya, ƙarshe suka tara yara da wawaye suka yi ta jifa har jini ya jiƙa takalmi. Wallahi shiru motar ta yi, abokin tafiyata da ba ya rufe baki ko a masallaci sai da ya yi tsit. Ki sa yara su kalli dutsen nan da kyau sannan Hajiya ta ba su labarin, ta fi ni iya bayarwa.

A saman Hada za ku tarar da birai, irin gwaggon birin nan, garke-garke a bakin titi suna jiran masu mota. Kallo daga cikin mota ya isa. Kar a sauke gilashi da leda a hannu, ni a gabana wani ya fizge wa wata mata jakar burodi ya haye dutse ya zauna yana ci yana kallonta. A nan Hada ɗin kuma akwai abin da suke ce wa tilifirik, ɗan akwati ne mai gilashi rataye a jikin waya, yana sauka da ku daga saman dutse har ƙasa wajen da ake kira Kar, fiye da kilomita 4, a ƙasan akwai wajen wasan ruwa na yara. Hajiya za ta iya shiga tunda a zaune ake, ba ruwan gwiwa, sai dai in tsoro. In kun duba ƙasa da kyau za ku hangi tsohuwar hanyar raƙuma da aka jera da duwatsu, ta nan fatake suke hawa da sauka kafin a yi kwalta. Samari masu ƙarfi suna bin ta a ƙafa, ni dai na taka kaɗan na dawo, numfashi ya ce bai san zancen ba.

Cikin gari kuma ku fara da masallacin Abdullahi ɗan Abbas, a tsakiyar gari yake, shi a Ɗa'ifa ya ƙare rayuwarsa, ya rasu shekara ta 68 bayan hijira, kabarinsa yana nan gefen masallacin. Ku yi sallah a nan, tsohuwar kasuwa tana kusa, ƙafa ma za ta kai ku. Daga nan sai unguwar Masna inda ake cewa nan ne lambun Utba da Shaiba, wasu manyan Ƙuraishawa, inda Annabi ya fake bayan jifan, suka aiko bawansu Addas da inabi, Kirista ne mutumin Ninawa, ya ji an yi bismillah ya ce mutanen garin nan ba sa faɗar wannan, har zance ya kai ga Annabi Yunusa. Akwai ɗan masallaci a wurin da sunan Addas, da wani ƙarami a gindin dutse da suke ce wa masallacin Ku'u. Amma fa gine-ginen daga baya aka yi su, ba wata sallah ta musamman da ake yi a ciki, kar wani ya ce muku a shafa bango ko a ɗebo ƙasa. A gani, a tuna, a wuce.

Fadar Shubra ma tana nan, tsohon gidan sarauta ne, farin gini mai tagogin katako, ku tsaya ku yi hoto. Da can in zafi ya yi gwamnatin Saudiyya gaba ɗaya Ɗa'ifa take tarewa, Sarki Abdul'aziz ma a garin ya rasu a 1953.

Yanzu maganar wardi, na san ita ce ta fi damun ki. Furen yana fitowa ne wajen watan Maris zuwa Afrilu, 'yan makonni ne kawai, kuma da sassafe ake tsinkarsa kafin rana ta yi zafi ta kwashe ƙamshin. Ana zubawa a manyan tukwanen tagulla a dafa, tururin ya bi ta bututu ya huce ya zama ruwa, man ya taso sama a kwashe. Tola ɗaya tak sai an dafa fure fiye da 10,000, shi ya sa in wani ya miƙo miki tola da araha ya ce asalin na Ɗa'ifa ne, ki yi masa godiya ki wuce. Har wankin Ka'aba da shi ake haɗawa. In ba lokacinsa kuka je ba za ku ga tukwanen da gonakin amma babu fure, sai ku sayi ruwan wardin, shi ba shi da tsada, ana ɗiga shi a shayi.

Da yamma ku hau Shafa, ta fi garin tsayi, ta haura mita 2,000. Nan ne Larabawa suke zuwa da darduma da butar shayi su baje a ƙarƙashin bishiya, gajimare yana wuce ka a gefe kamar hayaƙi, ana gasa masara a bakin hanya, ana hawa doki da raƙumi, ga masu ruman da inabi da ɓaure da zuma. Akwai wani ɗan itace mai ƙaya da suke kira barshumi, mai sayarwa ne yake ɓare maka, kar yaro ya ɗauka da hannu. To a nan ne za ku gode mini in kun taho da rigunan sanyi. Ni na taho daga zafin Makka da 'yar jallabiya ɗaya ina ganin ai Saudiyya ce, bayan magariba haƙorana suna haɗuwa kamar Jos a watan Disamba, sai bargo na saya a bakin titi na yafa. Hajiya a sa mata safa da mayafi mai kauri. Abincin dare ku nemi salik, shinkafa ce da ake dafawa da romo da madara ta yi laushi kamar fate, a ɗora kaza a kai, ba za ta ba ta wahalar tauna ba.

Akwai wani ƙaton rami da ake kira Wahba da za ku ga hotonsa a intanet, fari fat a ƙasa kamar an zuba kanwa, wannan ku bar shi, wajen kilomita 250 ne daga garin, ba tafiyar tsohuwa da yara ba ce.

Sai dawowa. In kuna da niyyar sake Umara ku tafi da haraminku a jaka, domin miƙatin Ƙarnul Manazil a kan hanyarku yake, in ta Sail kuka biyo ku tsaya a Sailul Kabir, in ta Hada ce akwai masallacin Wadi Muharram, akwai banɗakuna da wajen wanka duka. Bizar Umara ce da ku ba matsala, tana ba ku damar fita, ta Hajji ce ba a yawo da ita. Fasfo dai ya kasance a jikinku.

Auta ki kira ni gobe bayan azahar in ba ki lambar direban da ya kai mu, ba zan sa ta a nan ba. Kuma ruwan wardi kwalba biyu nake so, ɗaya ta Gwaggo ce, ta ji ana zancen ta ce kar a manta da ita. Sai da safe.