Ki sa a leƙa saman silin kafin ku biya kuɗin hayar nan

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ina gama karanta tambayarki na ajiye tsintar shinkafar da nake yi. Kin ce an yi wa maigidanki canjin wurin aiki daga Kano, kun sauka a Jos ƙarshen Maris, da asuba sanyi, da rana zafi, da la'asar hadari har da ƙanƙara, yara duk sun kwanta da mura. Kuma an nuna muku gida a kan tudu, kwanonsa ya yi tsatsa, amma mai gidan ya ce ku shiga tukuna zai gyara. Kina tambaya haka garin yake ko bana ce kawai, kuma ku karɓi gidan ko a'a.

Haka garin yake, ba bana ba ce. Jos tana bisa tudu ne mai tsayin kusan mita 1,200, duwatsun Shere da kike hangowa ta gabas sun haura 1,800, shi ya sa ko a tsakiyar bazara dare yake da sanyi alhali Kano ana kwana a tsakar gida. Daga ƙarshen Maris zuwa Mayu iskar hunturu tana janyewa, mai ɗauke da ruwa tana shigowa daga kudu, rana kuma ta gasa ƙasa, to kafin yamma sai sama ta haɗe. Dusar ƙanƙara irin ta Turai ba ta sauka a nan, kar yara su ruɗe ki. Tamu dunƙulalliya ce, tana fasa gilashin taga, tana kashe 'yan tsaki.

Amma ni ba sanyin ne ya tsaya min a rai ba. Wannan "ku shiga tukuna zan gyara" ɗin ne. Wallahi 'yar'uwa da wannan kalmar aka cuce ni.

Watan Afrilu ne, Baban yara ya yi tafiya. Ranar garin ya waye tas, ko ɗigon gajimare babu, na yi wanki na cika igiya. Bayan la'asar sai gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta taso da jar ƙura, kafin in kwashe rabin shanyar ƙanƙara ta fara, kamar tifa ce take juye tsakuwa a kan kwanon. Ba ka jin maganar na kusa da kai. Na tura yara ɗaki, jaririyar tana goye a bayana, na danne ƙofa da kafaɗa don sakatar ba ta kamawa. Sai na ji wata ƙara daga sama, ƙusoshi ne suke zarewa ɗaya bayan ɗaya. Har yau in kafinta yana zare ƙusa a maƙwabta sai gabana ya faɗi. Silin ya kumbura ya dawo, ya sake kumbura, sai kawai na ga sararin sama a cikin ɗakina. Rufin gaba ɗaya, da kwanon da katakon, ya tashi ya faɗa gidan bayanmu, ya tsinke wayar wuta a hanya. Allah ne ya tsare ba kowa a tsakar gidan nan.

Ruwa da ƙanƙara suka dinga zuba a kanmu. Na cusa manyan biyun ƙarƙashin gado, ni kuma na duƙa na rufe ƙaramar da jikina, ƙanƙarar tana dukan bayana, ba abin da ke fita bakina sai innalillahi. Babban yana ta kira, Umma za mu mutu ne? Katifa, buhun shinkafar da ko buɗe shi ba a yi ba, takardun makarantarsu, takardar haihuwar jaririyar, akwatin lefena da na adana shekara da shekaru, komai ya sha ruwa. Da iskar ta lafa muka fito, yarinyata ta taka ƙusa a bakin ƙofa, sai da aka yi mata allurar tetanus washegari. A ɗakin maƙwabciyata muka kwana, ita ta ba mu busassun zannuwa ta dama wa yara koko, Allah ya saka mata da Aljanna.

Shi kuwa mai gidan sai da ya ga dama ya zo, da babbar riga da ƙamshin turare. Ya tsaya a tsakar gida, ya ɗaga kai, ya ce ikon Allah ne. Wa ya ce ba ikon Allah ba ne? Amma kafintan da muka kira ya ɗauko katakon ya murƙushe shi da yatsa a gabansa, gara ta cinye cikinsa ƙaf. Kuma ba a ɗaure rufin da ginin ba ko ta kusurwa ɗaya, an ɗora ne kawai an danne da bulo. Ya ce mu gyara da kuɗinmu za a cire a haya. Na sayar da ɗan kunnena na gwal, Baban yara ya ci bashi, muka sayo katako a kasuwar Katako muka yi sabon rufi. Da shekara ta zagayo bawan Allahn nan ya rantse bai taɓa faɗin haka ba, har ya ƙara mana kuɗi wai ai yanzu gidan sabon kwano gare shi. Kwanon da na saya da ɗan kunnena! Ko sannu bai yi wa yarinyar da ta taka ƙusa ba. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba, kuma ba zan ɓoye muku ba.

Don haka ki ce wa maigidanki kar ya dubi fenti. Ya samo kafinta nasa na kansa, ba wanda dillali zai kawo ba, ya hau ta ƙofar silin da fitila. A duba ko an ɗaure katakon da rodi ko waya a jikin ginin, a soka masa ƙusa a ji ko gara ta shiga, a duba bakin kwanon ta gabas don ta nan iska take fara ɗagawa. Tsatsa ma ba ita ce babbar matsalar ba, ɗaurin ne. In za a sa sabon katako a shafa masa baƙin mai. Gyara kuma kafin a biya, in mai gidan ya ƙi, to a rubuta alkawarin gyaran a takarda a gaban mai unguwa, kowa ya sa hannu.

Kuma kar tsoron iska ya kora ku kwari ku ce can ya fi. Waɗanda suke nan a Yulin 2012 sun san abin da ruwa ya yi a Rikkos da Gangare da Anguwar Rogo da dam ɗin Lamingo ya tumbatsa, mutum sama da 30 aka rasa. Gidan da ke bakin kogin Dilimi ko kyauta ne ni ba na so.

Maganar yara, ki leƙa 'yan gwanjo a Terminus ki saya musu suwaita mara nauyi da safa da hular sanyi, irin wadda za su cire da rana su jefa a jaka. Wanka da ruwan ɗumi, kuma kafin magariba. Shayi da citta da kanumfari yana taimakon manyan. Amma in kika ga numfashin yaro yana sauri, ko ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa in ya ja iska, ki bar man zafi ki nufi asibiti a daren, limoniya ba ta jira. Don Allah kar ki shigar da gawayi ɗaki ki rufe ƙofa wai ana ɗumi, hayaƙinsa ba a gani kuma yana kisa cikin barci.

Wanki da sassafe, ki kwashe da azahar ko da bai gama bushewa ba. Takardu masu muhimmanci a leda biyu, a cikin bokiti mai murfi. In hadari ya taso ki zare talabijin da firji daga soket, tsawar garin nan ba ta wasa. Au, ki kuma ja wa mazan kunne kan kududdufan haƙar kuza da ke wajen Bukuru da Rayfield, samansu shiru amma zurfinsu ya wuce tunani, yaran da suka saba wanka a rafi su suke ruɗa.

Marka ta Yuli da Agusta kuwa wani zance ne daban, kaya ba sa bushewa, bango yana tsattsafo da ruwa, takalmi yana furfura a ƙarƙashin gado. In kun kai lokacin ki sake tambaya, akwai waɗanda suka fi ni shan wahalar danshi a garin nan.