Amsa ga 'yar'uwar da ta yi tambaya a kan ma'aikatan gonar inabi

'Yar'uwa, sannu da ƙarfin hali, domin ba kowa ne zai iya furta wannan a fili ba. Kin ce kin karanta Matiyu 20 zuciyarki ta ƙi kwanciya: ta yaya wanda ya yi aikin awa ɗaya zai karɓi lada daidai da wanda ya wuni rana tana dukansa? Kin ƙara da cewa kin daɗe kina hidima a ikilisiya, ga wasu da suka tuba jiya-jiya ana amsa musu addu'a, taki kuwa shiru.

Na daɗe ina jagorantar nazarin Littafi Mai Tsarki, kuma na lura duk sa'ad da muka iso wannan misali da Yesu ya bayar, waɗanda yake sosa wa rai su ne masu himma, masu riga kowa zuwa su share majami'a. Ban taɓa ganin malalaci ya ji haushinsa ba.

Ki koma ki bi labarin a hankali. Maigidan ya fita da sassafe, ya yi jinga da mutanen farko a kan dinari ɗaya, wato ladan wuni na ɗan ƙodago a zamanin. Ya sake fita wajen ƙarfe 9, da 12, da 3, da kuma 5 na yamma. Da ya tambayi na ƙarshen dalilin zamansu, suka ce ba wanda ya ɗauke su. Mutane ne da suka wuni a kasuwa suna zuba ido, ana zaɓen wasu ana barinsu. A Maimaitawar Shari'a 24:14-15 an umarta a biya matalauci ladansa kafin rana ta faɗi, gama a kansa ya dogara. Dinarin nan abincin gida ne na ranar. Da an ba su ladan awa ɗaya tak, da 'ya'yansu sun kwana da yunwa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda aka yi biyan. Maigidan ya ce a fara da na ƙarshe. Da na farko aka fara sallama, da sun karɓi dinarinsu sun tafi gida suna murna, ba wanda zai ji kansu. Kuɗin bai ragu ba, jingar ba ta canja ba. Ganin abin da ya shiga hannun wani ne ya mai da ladan ɗaci. Ki duba ƙorafinsu a aya 12: cewa suka yi ya daidaita waɗancan da su. Ba su iya cewa an rage musu ko anini ba. Shi kuwa ya kira mai gunagunin abokinsa, ya tuna masa jingar, ya tambaye shi ko alherin da ya yi ne yake ba shi haushi.

Kada ki manta da wanda aka yi wa misalin. A Matiyu 19:27 Bitrus ne ya ce sun bar kome sun bi Yesu, to me za su samu? Misalin ya biyo bayan wannan tambaya. Ko sura ta 20 ɗin ba ta ƙare ba uwar 'ya'yan Zabadi ta zo neman wa 'ya'yanta kujerun dama da hagu, sauran goman suka husata. Manzannin ma ba su tsira daga wannan ciwo ba.

Haka abin yake tun Farawa. Kayinu ya ɓata fuska saboda an karɓi hadayar Habila. Saul ya sa wa Dawuda ido tun ranar da mata suka rera waƙa cewa shi ya kashe dubbai, Dawuda kuwa dubbai goma. Yunusa ya roƙi mutuwa don Allah ya ji tausayin Nineba, birni mai mutum fiye da 120,000. Babban wa a Luka 15 ya ƙi shiga gida da aka yi wa ƙanensa ɓatacce bikin dawowa, yana lissafin shekarun bautarsa da ɗan akuyar da ba a taɓa ba shi ba. Amma ki ga abin da ake yawan tsallakewa: Allah ya yi wa Kayinu magana kafin ya ɗaga hannu a kan Habila, ya zauna da Yunusa yana yi masa tambaya, uban kuma ya bar biki ya fito yana lallashin babban ɗansa, yana ce masa duk abin da yake da shi nasa ne. Mai ƙyashin ma ana binsa da alheri.

A iya abin da na gani, ƙyashi ba ya bin na nesa. Wadda kuke layi ɗaya a ƙungiyar mawaƙa, wadda aka yi muku baftisma tare, ita ce ke tsaya wa mutum a wuya. Kuma yakan sa rigar ibada, ya fito da sunan "mu yi mata addu'a, ai mun san halinta na da". Abin da nakan ba da shawara shi ne a faɗa wa Allah yadda abin yake, kamar yadda Asaf ya yi a Zabura 73, inda ya ce saura kaɗan ƙafarsa ta zame don ya ji ƙyashin masu girmankai. Sa'an nan ki ambaci sunan mutumin a addu'a ki roƙa masa ƙari. Da farko bakin yakan yi nauyi, na sani.

Ki kuma raba abu biyun da kika haɗa. Addu'arki da ba a amsa ba ciwo ne na gaske, ki ci gaba da kai kukanki. Sai dai amsar da wata ta samu ba daga rabonki aka yanko ba. Da Bitrus ya tambayi makomar ɗan'uwansa almajiri a Yahaya 21, Yesu ya ce masa ina ruwansa, shi dai ya bi shi.

Na taɓa jin wani mai ɗaukar ma'aikata yana kafa hujja da Matiyu 20:15, wai dukiyarsa ce, zai biya yadda ya ga dama. Maigidan misalin ƙarawa ya yi, bai tauye kowa ba. Mai danne ladan ma'aikaci ya je ya karanta Yakubu 5:4.