Shin 'Yan Mishan ne Suka Koya wa Sinawa Lissafin Siffofi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Na ji ana cewa Sinawa ba su san lissafin siffofi da kusurwoyi ba sai da limaman Katolika na ƙungiyar Jesuit suka kai musu shi daga Turai. Mece ce gaskiyar maganar? Daga wata ɗaliba, Unguwar Rogo, Jos.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. An yi wa maganar ƙarin gishiri. Tun zamanin daular Han, kimanin shekara 2,000 da suka wuce, Sinawa suna da littafin lissafi da ake kira Babi Tara, mai ɗauke da tambayoyi 246. Ga ɗaya daga cikinsu: tafki ne mai kusurwa huɗu, kowane gefe ƙafa 10, wani kara ya tsiro a tsakiyarsa ya zarce ruwa da ƙafa 1, kuma idan aka jawo shi zuwa tsakiyar gefe ɗaya na gaɓa, kansa yana taɓa bakin ruwan daidai. Nawa ne zurfin tafkin? Amsar ita ce ƙafa 12, karan kuma ƙafa 13. Wannan ita ce ƙa'idar da ake jingina wa Pythagoras, masanin lissafi na tsohuwar Girka, wadda magina a Jos suke amfani da ita idan suka ja igiya da awo 3, 4 da 5 don daidaita kusurwar harsashin gini.

Abin da Matteo Ricci, limamin Jesuit ɗan Italiya, ya kawo shi ne tsarin kafa hujja na Euclid, masanin lissafi na tsohuwar Girka wanda Larabawa suke kira Iƙlidis, inda ake farawa da ma'anoni da 'yan ƙa'idojin da kowa ya yarda da su, sannan ba a karɓar wata magana sai an tabbatar da ita daga abin da ya gabace ta. Ricci ya soma zama a Bejin, babban birnin Sin, a 1601, ya kuma fahimci cewa malaman fada ba za su saurari wa'azinsa ba sai sun ga zurfin iliminsa. Shi da wani masani Basine, Xu Guangqi, suka zauna fassara littafin Euclid, Ricci yana bayani da baki daga bugun Latin na malaminsa Clavius, Xu yana rubutawa da Sinanci, har suka fitar da juzu'i shida na farko a 1607. A ganina Xu ya fi cancantar yabo fiye da yadda ake yi masa, domin bai tsaya nan ba, ya koma ya gwada tsofaffin hanyoyin awo na ƙasarsa da sabon tsarin.

Ricci ya rasu a 1610 aikin bai kammala ba. Sauran juzu'i tara sai a 1857 suka fito, ta hannun Li Shanlan da Alexander Wylie, wanda shi ɗan mishan ne na Furotesta daga Birtaniya.