Ƙullutun itace yana tsagewa kafin a yi ƙotar wuƙa

Malam, ka ce ƙullutun da ka yanka, wato kumburin nan da ke fitowa a jikin bishiya, ya tsattsage cikin mako biyu. Saurin bushewa ne. Jijiyar ƙullutu a murɗe take, kowane ɓangare na ja nasa waje.

Ka yanka shi da zarto tun yana ɗanye, ka bar rarar santimita 1 kowane gefe domin zai lanƙwashe. Nan take ka shafe shi da narkakken kakin zuma, ka jera a inuwa da tsinke tsakani, nesa da rana da iskar hunturu. Kaurin inci 1 kan ci wajen shekara kafin ya bushe. Riƙa aunawa a sikeli duk wata. In nauyin ya tsaya, ya bushe.

Babban ƙullutu kuwa, kai wa masu injin yankan katako, kada zarto ya kufce maka.