Zaman ɗalibi a makarantar tauhidi ta Baftis, Kawo

Ɗan'uwa, ka tambaya yadda rayuwa take a makarantar tauhidi ta Baftis da ke Kawo, Kaduna, kafin ka tura ƙanenka. A can na yi karatu, kuma har gobe ina kewarta.

Ba ta kai ta Ogbomosho girma ko tsufa ba, wadda aka kafa tun 1898, amma ƙanƙantarta ce daɗinta. Malami ya san sunanka, ya san ƙauyenku. In ba a gan ka a sujadar safe ba, kafin azahar wani ya ƙwanƙwasa maka ƙofa ya ji ko lafiya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne safiyar hunturu: mu fito rufe da bargo, leɓe a tsattsage, Bajju da Gbagyi da Yarbawa, muna rera waƙa ɗaya da Hausa. Ranar Lahadi kuma a tura mu ƙananan ikilisiyoyi mu koyi wa'azi. Farkon tsayuwata gaban jama'a takardar hannuna rawa take yi, wata tsohuwa ta ce, "Ɗana, ci gaba, muna ji."

Ƙanen naka ya taho da rigar sanyi da gidan sauro.