Tambaya da Amsa: Ɓarawon Kibiya na Ƙarƙashin Teku

Wasiƙun da suka taru a wannan karon sun karkata ne kan dodon-koɗin teku marar ɓawo, wanda masana ke kira nudibiranki, musamman dangin da ke rayuwa a kan cin haidiroyid, wasu ƙananan halittun teku masu harbi.

Assalamu alaikum. A aji an koya mana cewa Hydra tana harbin duk abin da ya taɓa ta. Sai ga shi na ga hoton wani dodon-koɗi mai launi yana kiwo a kan 'yan'uwanta na teku. Yaya yake cin abu mai harbi ya kwana lafiya? — Wani ɗalibi daga Zariya

Wa alaikumus salam, ɗalibi. Mu fara da abincin tukuna. Haidiroyid dangin Hydra ne, 'yar ƙaramar dabbar nan ta ruwan daɗi mai hannaye masu harbi, amma su a gungu suke zama. Idan ka gan su a jikin dutse ko ƙarƙashin jirgin ruwa, ka ce ƙaramar ciyawa ce: akwai saiwa da ke bin dutse, akwai kara da rassa, a ƙarshen kowane reshe kuma akwai kai guda mai baki, kewaye da siraran hannaye. Karan yana sanye da kube mai tauri na kaitin, irin abin da ke ɓawon fara. Naman mai rai yana cikin kuben, ya haɗa kawunan gaba ɗaya, abin da kai ɗaya ya ci kowa ya samu. A jikin hannayen ne ƙwayoyin harbi suke, kowace da zaren dafi a naɗe a ciki, wanda ke fita kamar kibiya. A Hydra an auna fitar wannan kibiya, aka ga matakinta na farko bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na sakan ba.

Dodon-koɗin ba da ƙarfi yake shiga ba, da sulke yake shiga. Na farko yauƙin jikinsa. A wani nau'i mai suna Aeolidia papillosa, wanda ke cin anemoni, wato manyan 'yan'uwan haidiroyid, an nuna cewa yauƙin yana hana kibiyoyin abincinsa tashi, kuma idan aka sauya masa nau'in anemoni, cikin mako biyu yauƙin ya sauya ya dace da sabon. Na biyu, bakinsa da maƙogwaronsa suna da shimfiɗar kaitin. Na uku, ƙwayoyin fatarsa da na tumbinsa cike suke da 'yan ƙananan ƙwallayen kaitin, kamar buhunan yashi da ake jerawa a bakin shinge. Kibiyar da ta tashi a cikinsu take ƙarewa, ba ta kai ga nama mai rauni.

Wasu kibiyoyin suna tashi lokacin cin, su lalace, su fita da kashi. Waɗanda ba su tashi ba su ne riba. Yatsun nan masu launi da ka gani a bayansa, ana kiran su serata, kuma ba ado ba ne. Da su yake numfashi, sannan cikin kowane akwai reshen hanjinsa, shi ya sa launinsu kan bi launin abin da ya ci. A can ƙarshen yatsan akwai ɗan aljihu, kwarin kibiya ke nan. Ƙwayoyin harbin da suka tsira suna bin reshen hanji har su isa aljihun, wasu ƙwayoyin jiki su haɗiye su su adana. Binciken da aka yi a kan wani nau'in nudibiranki mai suna Berghia stephanieae ya nuna cewa waɗanda ba su nuna ba ne ake ajiyewa, tsamin da ke cikin aljihun ya ƙarasa nunar da su. Ranar da kifi ya kai cafka, sai a matse aljihun, kibiyar aro ta tashi a bakinsa. Idan abin ya yi tsanani, dodon-koɗin ya yar da yatsan gaba ɗaya kamar yadda ƙadangare ke barin jela, wani ya tsiro daga baya.

Tun da Hydra ka sani, ga wani abu: a ruwan daɗi ma ana wannan sata. Wata tsutsa mai faɗi, Microstomum, tana cin Hydra ta jera kibiyoyinta a fatarta. Nudibiranki dai sai ruwan gishiri.

Malam, duk iri ɗaya suke ci, ko kowa da salonsa? — Wata malamar kimiyya daga Maraɗi

Malama, baki ne ke raba su. Kowannensu yana da radula, harshe mai haƙora kamar magagari, amma a wannan dangi siriri ne ƙwarai, haƙori ɗaya ko uku a kowane layi, tare da muƙamuƙai biyu masu kaifi. Masu yatsu irin su Facelina da Flabellina tsinkar kai suke yi: su kama kan haidiroyid da muƙamuƙi, radula ta ja shi ciki, su matsa reshe na gaba. Doto kuwa ba ruwansa da kai. Yana laɓewa a gindin reshe, ya huda kuben, ya zuƙe naman ciki, kuma ba ya tara kibiya. Yawancin nau'o'in Doto kowanne da haidiroyid ɗinsa; Doto fragilis a kan Nemertesia ake samun sa a tekun Turai. Tergipes tergipes, wanda bai kai santimita ɗaya ba, haidiroyid mai suna Obelia yake bi, ita kuwa kowane kanta yana cikin ɗan kofi da yake noƙewa, don haka sai ƙaramin baki.

Wajen neman abinci ido ba ya yi musu aikin kirki, haske da duhu kawai yake rabewa. Ƙahonni biyu da ke saman kai su ke sansano ruwa, dabbar ta bi ƙanshin ta fuskanci inda ruwan ke fitowa, hannayen baki biyu su taɓa su tabbatar.

Na ji an ce akwai wanda ke jira sai haidiroyid ya ci abinci sannan ya cinye shi. Gaskiya ne ko ƙarin gishiri? — Mai karatu daga Kumasi

Gaskiya ne, ɗan'uwa. Sunansa Cratena peregrina, ɗan Bahar Rum, tsawonsa santimita 3 zuwa 5, farin jiki, da ɗigo biyu ruwan lemo a ka. Abincinsa wani haidiroyid ne mai suna Eudendrium racemosum. A 2017 Trevor Willis na Jami'ar Portsmouth a Ingila da abokan aikinsa suka buga sakamakon gwajin da suka yi da waɗanda aka kamo a gaɓar tsibirin Sisili na Italiya. An ajiye wa kowanne jakunkunan raga huɗu: ɗaya babu komai, ɗaya da 'ya'yan jatan landen gishiri da ake kira Artemia, ɗaya da haidiroyid mai yunwa, ɗaya da wanda ya ƙoshi da Artemia. A gwaji 14 cikin 25, wurin ƙosasshen suka nufa. Da aka auna sinadaran jikinsu, sai aka ga aƙalla rabin abincinsu ƙananan halittun nan ne masu shawagi a ruwa, waɗanda dabba mai rarrafe ba ta da hanyar kama su da kanta.

Wato haidiroyid ya zama masa koma. Wannan ya wuce ƙwacen kura, domin kura nama take ƙwacewa ta bar mafarauci. Shi wannan da mafaraucin da naman yake haɗiyewa. A ganinmu wannan binciken ya gyara wani kuskure da aka daɗe ana yi, na ɗaukar cewa abin da ka ga dabba tana tauna shi ne kaɗai abin da ke ciyar da ita.

Ina da tankin gilashi na kifin ado. Zan iya kiwon irin wannan dabba? Kuma za ta cinye mini haidiroyid da suka addabi duwatsun tankin? — Wani mai kiwon kifi daga Legas

Alhaji, shawararmu kada ka saya, sai in ka san sunan nau'in da sunan abincinsa, kuma abincin yana hannunka. Wanda aka fi sayarwa, Berghia stephanieae, anemonin Aiptasia kaɗai yake ci. Ba zai kalli haidiroyid ɗinka ba, kuma ranar da Aiptasia ta ƙare yunwa za ta kashe shi.

In ka nace, kiwon haidiroyid za ka fara, a tanki na dabam. Ruwa ya zama gram 35 na gishirin tankin teku a kowace lita; gishirin miya ba ya yi, ba shi da sauran ma'adinan. Ruwan ya riƙa motsi a hankali, domin haidiroyid ba ya bin abinci, kawo masa ake yi. Kullum ka ba shi sabon ƙyanƙyasar Artemia: ƙwai kamar gram 1 a litar ruwan gishiri, da kumfar iska da haske, a zafin digiri 25 zuwa 28, cikin awa 24 sun fashe. Ka tace ɓawon ƙwan ka zubar, ka bayar da 'ya'yan nan take, don suna cinye gwaiduwarsu cikin sa'o'i kaɗan su zama fanko. Ka raba haidiroyid ɗin a kan duwatsu da yawa, ka riƙa ba dodon-koɗin ɗaya bayan ɗaya, wanda aka tsinke wa kawuna ka mayar da shi ya huta. Muddin saiwa da kara suna da rai, kawunan za su sake fitowa.

Abubuwan da ke kashe su sanannu ne. Bakin famfo yana zuƙe su, don haka a rufe shi da soso. Maganin kifi mai jan ƙarfe guba ne gare su da abincinsu. Ruwa na ƙafewa gishiri na ƙaruwa, sai a cika da tataccen ruwa marar gishiri. Nau'o'in Bahar Rum da tekun Turai ba sa jure ruwan ɗaki mai digiri 30, ga ɗauke wuta da ke tsayar da famfo da na'urar sanyaya ruwa lokaci guda. Alamar yunwa kuwa a yatsu take bayyana: su koɗe, su sirance, jiki ya tsuke, dabbar ta bar dutse tana zagaya gilashi. Ko an yi komai daidai, rayuwar yawancinsu makonni ne zuwa watanni, da wuya su wuce shekara.

Shuɗin nan da ake kira dodon teku a hotunan intanet, yana cikinsu? Ana taɓa shi? — Wata mai karatu daga Kano

Yana ciki, 'yar'uwa. Glaucus atlanticus ne, kusan santimita 3. Ba ya rarrafe a ƙasa. Iska yake haɗiya ya yi shawagi a saman ruwa a rigingine, shuɗin cikinsa na kallon sama. Yana cin dangin haidiroyid masu yawo a saman teku, irin su Velella da Porpita da Physalia, wadda harbinta ke kai mutum asibiti. Kibiyoyinta yake tarawa a ƙarshen yatsunsa. Idan iska ta jefo shi bakin gaɓa, a ɗauki hoto a bar shi. In dole ne a matsar da shi, a kwashe shi da cokali ko kofi tare da yashin da yake kai.